Zobo mai gas a cikin tulun ƙarfe: ta ina zan fara?

Mai Zobon Barnawa:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina yin zobo da lemun citta a Kaduna, ina kai wa gidajen biki da suna. Ɗurin gora ya ishe ni wallahi: a wanke, a ɗura, a jera cikin kula, a gama biki rabin gororin sun ɓace. To yayana da ke Amurka ya aiko min da tulunan ƙarfe guda biyu, kowanne lita 19, a jikinsu an rubuta Cornelius. Ya ce a can masu dafa giya a gida ne suka fi amfani da su, wai suna matsa gas a ciki su riƙa tsiyaya ta famfo, ni ma in yi haka da zobo. Tulun ne kawai ya iso, ba tiyo ba komai. Da na buɗe ɗaya wani wari ya bugo ni, kamar tsohon lemun kwalba. Tambayata: me zan saya, yaya ake sa gas ɗin, kuma idan an taɓa zuba giya a ciki fa? Hajiyarmu ta ce kar in sake in zuba abin da Musulmi zai sha sai na tabbatar.

Kawu Mai Gyaran Firji:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar wa Hajiya da hankali. Asalin waɗannan tuluna na kamfanonin lemo ne, Pepsi da Coca-Cola, da suka koma zuba ruwan lemonsu a leda cikin kwali sai masu giyar gida suka ɗauke su. Ƙarfen ba ya shan abin da aka zuba masa, warin a roba yake maƙalewa. Zoben roba biyar ne: babba a murfi, biyu a kan bakuna biyu na saman tulun (na shigar gas da na fitar ruwa), biyu a wuyan bututun ciki. Cire su duka ki sa sababbi. Ki kwance komai ki jiƙa da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, ki bi dogon bututun da siririn buroshi. Amma kar ki sa bilic, yana cin irin wannan ƙarfen ya bar masa ƙananan ramuka.

Kafin ki sayi komai ki duba bakunan. Idan akwai 'yan ƙusoshi a gefensu irin na Coca-Cola ne, idan sumul suke na Pepsi ne, kuma mahaɗin wannan ba ya shiga wancan. Sai tukunyar CO2 (gas ɗin da ake sa wa lemon kwalba), regileta, tiyo biyu da famfo. Gas ɗin ki ce na abin sha kike so, ki tambayi masu cika wa gidajen lemo.

Injiniya daga Jos:
Ƙari a kan maganar Kawu, sirrin duka sanyi ne. Ruwan ɗumi ba ya karɓar gas sosai, ko kin matsa sai ya fita da zarar an tsiyaya. Ki kai zobon wajen digiri 3 zuwa 4 tukuna. Ki rufe, ki ba shi gas kaɗan, ki ja zoben da ke kan murfi iska ta fita, sau uku ko huɗu. Sannan ki saita regileta a 30 psi (ma'aunin matsin gas ke nan) ki bar shi cikin sanyi kwana huɗu zuwa mako. Masu giya 10 zuwa 12 suke tsayawa, lemo ya fi son ƙarfi. In kina sauri, kwantar da tulun ki yi ta mirgina shi gas na shiga, za ki ji yana ƙugi.

Ni kuskuren da na yi da farko tiyon tsiyaya na mita ɗaya na sa. Kofi cike da kumfa ja, zobon bai kai cokali uku ba, ga baƙi zaune a falo. Lemo yana son siririn tiyo mai tsawon mita 7 ko fiye, ki naɗe shi a cikin firiza. Kuma ki shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi ƙwai nan yake yoyo. Na taɓa kwana da tukunya cike na tashi ba komai.

Kawu Mai Gyaran Firji:
Na manta. Abin da ke cikin tukunyar ya haura 800 psi, in ta sha rana ya ƙaru. Kar a taɓa haɗa ta da tulu ba regileta, kar a bar ta a but ɗin mota, kuma a tsaye take zama, a ɗaure.

Uwargida Ladi:
Yaya, ni abin da zan ja miki kunne a kai shi ne wuta. Gas ba ya hana zobo tashi. In akwai sukari, aka ɗauke wuta kwana biyu tulun ya huce, zai yi tsami ya fara komawa abin da Hajiya take gudu. Musamman in kina zuba ɗanyar abarba ko citta bayan kin sauke. Ki tafasa su tare, ki tace sau biyu da ƙyalle, don bututun daga can ƙasan tulu yake ja, ɗan gudan citta ya isa ya toshe shi ana tsakar biki.

Mai Zobon Barnawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu na duba, sumul suke, ashe na Pepsi ne. Maganar wuta ce ta sanyaya min jiki, don layinmu sai ya wuni babu. Zan fara da tulu ɗaya, in ajiye a firizar ƙanwata mai sola, ranar biki in dasa shi a baho cikin ƙanƙara. Na lissafa, gora 38 na rabin lita ke nan ba sai na wanke ba. Injiniya, tiyon nan mai mita 7, faɗinsa nawa zan ce wa mai shago?