Neman kalma: ruwan da duwatsu ke ɗura wa ƙarƙashin ƙasa

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi za a ɗauki shirin rediyo a Gusau kan rijiyoyin burtsatse. Kalmomi biyu sun tsaya mini, "akwifa" da "ricaji". In na ce ricaji, mai sauraro katin waya zai ɗauka. Ku agaza.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Akwifa ki ce "makwancin ruwa". Kada ki ce rumbu ko tafki, don ba rami ba ne, yashi ne da tsakuwa da ruwa ya cike tsakankaninsu. Ricaji kuma, wato ruwan da ke nutsewa ya ƙara wa makwancin, ki ce "ciko". Amma a nan ciko iri biyu ne. Gusau a kan tsohon dutse take, irin na Kwatarkwashi, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da inda ya ruɓe. Yamma da nan shimfiɗar yashi da ake kira Gundumi ya hau kansa, ya karkata arewa maso yamma. Akwai ruwan rafi da ke nutsewa in ya bar dutse ya hau yashi, akwai kuma wanda ke bin tsagogi ta ƙasa ba a ganinsa.

Malamin Hausa: Ciko na bashi ne da na haƙori. Ni "shayarwar dutse" na fi so. Dutse uwa, kwari ɗa.

Injiniya: Malam, da daɗin ji, amma shayarwa ban ruwa za a ɗauka. Kuma ciko abin aunawa ne. Na rafi, a auna gudunsa a wuri biyu, sama da ƙasa, a cire abin da rana ta ƙone da abin da injinan 'yan fadama suka zuƙe. Ragowar da ta ɓace ita ta nutse. In aka manta da injinan, lissafi ya kumbura.

Hajiya Malama: Akwai kuma hanyar auna ciko da kuloraid, wani sinadarin gishiri da ke cikin ruwa. Misali ruwan sama milimita 800 a shekara, kuloraid ɗinsa miligiram 1 a lita, na rijiya 20. Sai 800 sau 1 a raba da 20, cikon milimita 40 ke nan a shekara. Sai dai rijiyar da ke kusa da masai kuloraid ɗinta ya yi yawa, sai lissafi ya nuna ciko kaɗan alhali ba haka ba ne. Shi ya sa ake ɗibar ruwan gwaji nesa da gari.

Ɗan Argungu: Ni abin da ka ba ni haushi, kullum Hausar Kano a ka ɗora muna. Masu ginar rijiya nan "jijiyar ruwa" su ka cewa tun kakanni. Mi ya hana ta?

Malamin Hausa: Wa ya kawo Kano nan? Kun karɓi kuloraid ba gardama, tawa ta gida kuka ƙi.

Hajiya Malama: Kuloraid ba mu da sunansa, Malam. Jijiya kuwa ta dace da tsagar dutse, siririya ce. Yashin Gwandu da ake samu a Birnin Kabi shimfiɗa ne mai faɗi, ba jijiya ba.

Mai Fassara: To na ɗauki makwancin ruwa, da jijiya ga tsagar dutse. Na rafi zan ce "cikon gindin dutse". Na ta ƙasa har yanzu babu.

Malamin Hausa: Ki sa ciko don gobe. Amma a rubuce ni ban yarda da ita ba.