Bindigar farauta ta farko ga matashi bahago

Shawarwarin gogaggun mafarautan Amurka sun fi haɗuwa a kan abu guda: kafin a je kanti, a duba idon yaron, domin ido ne ke saiti, ba hannu ba. A sa shi ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunsa biyu a buɗe, sannan ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da ke buɗe lokacin da yatsan bai goce daga kan abin ba shi ne jagora. Idan na dama ne, gara ya koyi harbi ta kafaɗar dama tun hannunsa bai saba ba.

Idan kuwa ido da hannu duk na hagu ne, yawancinsu sun ce a nemi bindiga mai sakata (ƙarfen da ake ja a fitar da kwanso a ɗura sabon harsashi) a gefen hagu, irin Savage Axis ko Tikka T3x. Wannan ya fi gamsar da ni, domin bindigar 'yan dama tana wurgar da kwanson harsashi ta gaban fuskar bahago, kuma idan kwanso ya fashe, hucin iskar zai iya nufar idonsa. Wasu sun ce bindiga mai cin harsashi ɗaya ta wadatar, ga araha.

A kan harsashi, .243 Winchester da ya fito a 1955 da 7mm-08 Remington na 1980 ne suka fi samun goyon baya, saboda suna kayar da barewa ba tare da sun jijjiga kafaɗar yaro har ya riƙa runtse ido kafin ya ja kunama ba. Ƙotar bindigar ma ta zama gajera daidai tsawon hannunsa. Dokar tarayyar Amurka ta hana dillalai masu lasisi sayar da bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, saboda haka iyaye ne za su saya, su kuma kai shi kwas ɗin koyar da mafarauta.