Aikin sa-kai a ƙasar waje: shawarar waɗanda suka je

Matasan da muka zanta da su, wasu ta shirin Tarayyar Afirka suka tafi, wani malami kuma ta shirin TAC na tura ƙwararru ƙasashen waje aikin shekara biyu, wanda Najeriya ta kafa a 1987. Bakinsu ya zo ɗaya kan harshe: a koya tun kafin tashi, ko da Faransancin gaisuwa da ciniki ne. Malamin ya ce can ya iya koyarwa ba kayan aiki, ya kuma koyi cin abin da aka samu, tunda ba tuwo. Wata ta ja kunne kan alawus: na ci da haya ne, kada 'yan gida su sa rai. Ni dai wadda ta fi kama ni ita ce ajiye rahoton kowane aiki, don shi ake tambaya wajen neman aiki in an dawo.