Wace al'ada ce ta ɗakinku a jami'a kuke tunawa har yanzu?

Tsohon ɗan Suleiman Hall:
Assalamu alaikum. A makon jiya hanya ta bi da ni ta Samaru, na tsaya a bakin Suleiman Hall na Jami'ar Ahmadu Bello, inda na zauna shekara uku, sai na tuna wata doka da muka kafa wa kanmu, wadda muke kira "kwastan". Duk wanda ya dawo daga hutu, kafin ya cire takalmi sai ya juye tsarabar gida a kan tabarma: mutumin Kano da dambun nama, na Bida da ƙuli-ƙuli, na Maiduguri da bandar kifi. Da zarar abu ya taɓa tabarmar nan ya zama na ɗaki, kuma sai daga baya na gane cewa dokar ce ta rufa wa marasa hali daga cikinmu asiri. Ku fa, wace al'ada kuka yi?

'Yar Amina Hall:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mu tamu dokar ta garau-garau ce, wanda muke dafawa a kan risho mu juye a tire ɗaya, kuma wadda ta fara tsame hannu ita ce da wanke-wanke, saboda haka sai ka ga 'yan mata biyar sun ƙoshi amma kowacce hannunta na cikin tire, ana ta hira har abinci ya huce. Ƙanzo kuwa haƙƙin mai girki ne. A lokacin jarrabawa tare muke tafiya ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, tare muke dawowa, ko da sanyin hunturun Zariya yana ratsa ƙashi.

Ɗan Bayero:
A ɗakinmu a Jami'ar Bayero, idan azumi ya kama, ɗan aji ɗaya ne ke tashin kowa sahur da bugun murfin tukunya, ladansa kuma kofin shayi na farko. Bayan yajin aikin wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022, da muka dawo murfin muka fara nema.

Tsohon ɗan Suleiman Hall:
Hajiya, ke da Malam na gode. Ɗan Bayero, kun sami murfin kuwa?