Me za mu kira "local help" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara manhajoji, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana ɗaya a kanta.

Duk mai aiki da LibreOffice, manhajar rubutu da ayyukan ofis, ya san abin. Kana cikin rubutu ka maƙale, ka danna maɓallin F1, sai burauza ta buɗe da shafin bayani. Tun fitowa ta 6.1, a 2018, haka manhajar ke nuna bayananta. Mutum na ganin Firefox ko Chrome ta taso, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka datarsa ake ci, ya yi maza ya rufe. Alhali in ya dubi adireshin da ke sama, da file:/// ya fara, ba https:// ba. Fayiloli ne da ke kwance cikin kwamfutarsa, burauzar karanto su kawai take yi. Ko babu sabis sam za su buɗe, kuma su ne ake kira "local help".

Wannan tsoron nake so sunan ya cire wa mutane.

"Taimakon gida" bai yi ba, kunne shara da wanke-wanke yake ji. "Lokal" kuwa a bakinmu ta riga ta zama kalmar raini, ta kaya marasa inganci.

Wani malaminmu ya kawo "taimako ba intanet". Allah ya ƙara basira, Malam, ma'anar ta fito sarai. Sai dai ba ya zama daram a jimla. A gwada cewa "sabunta taimako ba intanet", sai a ji kamar ana nufin a sabunta shi ba tare da intanet ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "jagoran cikin na'ura". Taimako ya yi faɗi, har sadaka yana ciki, amma jagora kowane ɗalibi ya san shi: littafin da ke nuna maka hanya mataki-mataki. Kuma yana da abokin tafiya, "jagoran kan intanet". Muna bukatar su biyun, don a saitunan GIMP, manhajar gyaran hotuna, ma ana ba ka zaɓi tsakaninsu.

A LibreOffice sau da yawa daban ake sauke kunshin jagoran. In ba a saka shi ba, ga yadda nake so saƙon ya fito da Hausa: "Babu jagoran cikin na'ura. A buɗe na kan intanet? Zai ci data."

Wanda yake da abin da ya fi wannan gajarta, bismillah, ya kawo mu gwada shi a wannan jimlar.