In an koma zaɓe, me za mu nema a wurin magajin garin Damagaram?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantoma ke riƙe da birnin Zinder, wato Damagaram. Amma duk ranar da aka koma zaɓe, ƴan takara za su zo mana da alkawari buhu-buhu. Wane aiki ne ke hannun magajin gari da gaske, wanda za mu iya tuhumarsa a kai, wanne ne kuma ba nasa ba?

Na Birni:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko dai, ba kai ke zaɓen magajin gari ba. Jerin sunayen kansiloli kake jefa wa ƙuri'a, su kuma su zauna su fidda ɗaya daga cikinsu. Haka aka yi bayan zaɓen 13 ga Disamba 2020. Don haka ka duba jerin gaba ɗaya, ba hoton mutum guda ba. Sannan Zinder na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai, Maraɗi da Tawa: majalisar birni a sama, gundumomi biyar a ƙasa, kowace da magajinta.

Batun ruwa, wanda shi kowa zai fara ambata. Garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwan daga nesa, daga Gogo da Machaya, Arunguza da Ganaram. Rijiyoyin burtsatse da manyan bututu na SPEN ne, kamfanin gwamnati mai riƙe da kadarorin ruwa, rabawa da takardar kuɗi kuma na NDE, kamfanin raba ruwa da ya gaji tsohon kamfanin SEEN. Duk ɗan takarar da ya ce shi kaɗai zai kawo ƙarshen ƙishirwa, yaudara ce. Abin da ke hannunsa: ba da fili don famfunan unguwa, sa ido kan farashin bido, wato jarkar ruwa, a bakin famfo, da matsa wa kamfani lamba a san ranar da ruwa zai zo kowace unguwa.

Mai aikin gini:
Ni kuwa magudanai zan sa a gaba, domin wannan ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Damanar 2024 ta rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ban da gidajen ƙasa. A tambayi ɗan takara yaushe zai fara yasar kaniwo, wato magudanan ruwa. Amsar kirki ita ce Afrilu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Kuma daga ƙasa ake farawa, inda ruwan ke fita, a yo sama. In aka fara daga sama, ruwan ya gangaro ya tarar da toshewa ya shiga gidajen mutane. Yashin da ledar da aka fitar a kwashe su ranar. Barin su a bakin kaniwo shi ne kuskuren da ake maimaitawa kowace shekara, ruwa ɗaya ya mai da su ciki, an biya ma'aikata a banza.

Shara kuma hawa uku ce: amalanke daga ƙofar gida zuwa matattara, tifa daga matattara zuwa juji a bayan gari, sai kula da jujin. A na biyu take tsinkewa, saboda an sayi mota ba a ware kuɗin gazuwal, taya da kanikanci ba. Kada ku tambaye shi mota nawa zai saya, ku tambayi me ya ware mata a wata.

Hajiya ƴar kasuwa:
Mai gini, gaskiya ka faɗa, amma da wane kuɗin? Kullum ana yankar tikiti a Kasuwar Dole da tashoshin mota, ga kuɗin hayar shaguna, ga harajin da ke bi ta hannun masu unguwanni. Mu abin da muke so: kowane tikiti da lambarsa a jere, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe da aka ba mai karɓa, da yamma ya kai kuɗi daidai da abin da ya yanka, ba sai ƙarshen mako ba. Inda babu lamba, nan kuɗi ke zurarewa. A ƙarshen wata a lika jimillar a ƙofar kasuwa. In ɗan kasuwa ya ga kuɗinsa a fitila da bayan gida mai tsafta, ba sai an bi shi da rigima ba. A kuma buɗe hanyoyin cikin kasuwa yadda motar kashe gobara za ta shiga, don tebura sun cinye su.

Na Birni:
Hajiya, Allah ya saka. In ƙara da filaye. A hana yanka fuloti a cikin tafkuna da hanyar ruwa, don tafki ne ke shanye abin da kaniwo ya kwaso. Filin da aka ware wa makaranta ko asibiti a taswira a kafa masa duwatsun iyaka tun ranar rabo. Zaman majalisa kuwa a buɗe yake ga jama'a, har da na kasafin kuɗi. A nemi alkawarin sanar da ranarsa a rediyo da Hausa, mako guda kafin a zauna.