Bes yana ruri a falo: wace ikwalaiza ce mai sauƙin kuɗi za ta gyara shi?

Ɗan_Sifika: Salamu alaikum 'yan uwa. Falo ne mai tsawon mita 4, faɗi mita 3.5, ƙasa tayil, bango siminti. Sifika biyu da sabufa (sifikar bes) ɗaya. A kan kujera jikin bango bes sai ruri yake har ya danne murya, amma in an koma tsakiyar ɗaki sai ya ɓace. Wace ikwalaiza ta dijital, wato na'urar daidaita sauti, zan saya?

Injiniyan_Sauti: Wa alaikumus salam. Ɗakin ne, malam, ba sifikar ba. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa. Raba shi da ninkin tsawon ɗakin, 343÷8, ka sami kusan 43 Hz, wato kaɗawar sauti sau 43 a daƙiƙa. Faɗin kuma 343÷7, wato 49 Hz. A waɗannan Hz ɗin ne sautin ke kai-komo tsakanin bango biyu, ya kumbura a jikin bango, ya mutu a tsakiya. Kada ka sayi komai kafin ka auna. Nemi makirifon UMIK-1 mai USB, ka sauke manhajar auna sautin ɗaki ta REW, kyauta ce. Makirifon yana da fayil ɗin daidaitawa nasa da ake saukewa da lambar da ke jikinsa. In ka miƙa bakinsa sama, ɗauki fayil na digiri 90. Auna a daidai kunne, wuri uku zuwa biyar kewaye da kujera, ka haɗa matsakaicinsu.

Mai_Gyara: In daga kwamfuta mai Windows kake kunna kiɗa, manhajar Equalizer APO ta ishe ka, ko sisi ba za ka kashe ba. In ba haka ba, na'urar miniDSP 2x4 HD, a sa ta kafin amfilifaya. Tana da tacewa goma (masu rage ko ƙara wani sashe na sauti) a kowace tasha, wato kowace hanyar sauti, kuma tana raba bes ta tura wa sabufa. REW ce ke lissafa tacewar da za a loda mata, sai ka zaɓi sunanta daidai a ciki, don a kan saurin sarrafa sauti na 96 kHz take aiki. In an loda lissafin 48 kHz, tacewar za ta faɗa inda ba a nufa ba.

Injiniyan_Sauti: Abu ɗaya kuma: a awon da REW ta nuna, rage tudu (inda bes ya yi yawa) kawai, kada ka cike rami (inda ya ɓace). Ramin nan na tsakiya sauti ne ke kashe ɗan uwansa, ƙarin 6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) zai ninka wutar da amfilifaya ke bayarwa sau huɗu, ramin kuma yana nan. Wannan sai dai a matsa sabufa ko kujera. Gyaran ikwalaiza ya tsaya ƙasa da 300 Hz. Amsa-kuwwar tayil kuwa aikin kafet da labule ne.